Na'urar GPS da ruwan damina: ta ina yake shiga, kuma yaya za mu tare shi?

A kwalin kusan kowace na'urar GPS ta hannu da ake raba wa ma'aikatan kiwo an rubuta cewa ruwa ba ya shigarta. Duk da haka, in damina ta ɗauke, da wuya ka shiga ofishin kiwo na karkara ba ka tarar da ɗaya a ajiye cikin durowa ba, gilashinta ya yi hazo daga ciki, ko maɓallanta sun ƙi amsawa, ko ƙarafan da ke riƙe batir sun yi kore. Ni malamin dabbobi ne, aikina yana tsakanin kwarin Tarka da kudancin jihar Maraɗi, kuma da yake ina da ɗan hannu a gyare-gyare, abokan aiki sukan kawo mini nasu in sun mutu. Yawancin waɗanda na buɗe ba faɗawa rijiya ko tabki suka yi ba. Ruwa kaɗan ne ya same su, irin wanda bai kamata ya yi musu komai ba.

Abin da ake asara

Kuɗin na'urar shi ne ƙaramar asara. Babbar ita ce aikin da ke cikinta. Da ita muke ɗaukar lambobin wuraren rigakafi, da rijiyoyi, da tabkuna, da kasuwannin bisashe. Da ita kwamitocin ƙasa, wato COFO, waɗanda suka samo asali daga dokar karkara ta 1993, ke bin burtali suna ɗaukar iyakarsa kafin a kafa alamu. Dokar kiwo ta 2010 ta tabbatar wa makiyaya haƙƙin yawo da garkensu, amma burtalin da ba a san iyakarsa a taswira ba, gona tana cin sa kaɗan-kaɗan duk shuka. In lambobin kwana uku suka ɓace a watan Yuni, kafin a samo mai a sake fita an riga an yi shuka, sai a jira wata shekara, rigima kuwa ba ta jira.

Haka abin yake wajen cuta. A 2016, lokacin da zazzaɓin Rift ya ɓulla a yankin Cintabaradan cikin jihar Tawa, a tsakiyar damina ne, ana shirin taron Ingal. Cuta ce da sauro ke yaɗawa, saboda haka sanin bakin wane tabki awaki da raƙuma suka yi ɓari yana da muhimmanci ƙwarai. Ciwon huhu na shanu da PPR na awaki da tumaki, wadda duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar kawar da ita, su ma rahotonsu yana buƙatar wurin da aka gan su. Makiyayi kuma ba gona ba ne da za ka koma ka same shi inda ka bar shi. Wani arɗo ya taɓa ce mini, ina roƙonsa ya dakata mana kwana biyu, “Likita, ciyawa ba ta san alkawari ba, gobe da asuba mun tashi.”

Mene ne IPX7?

Yawancin na'urorin da muke amfani da su suna ɗauke da alamar IPX7. Alamar ta fito ne daga wani ma'auni na duniya mai lamba IEC 60529. Lamba 7 tana nufin an nutsar da na'urar cikin ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30, ruwan da zai cutar da ita bai shiga ba. Sai dai ruwan gwajin mai tsabta ne, a kwance yake ba ya motsi, zafinsa kusan ɗaya da na na'urar, ita kuma na'urar sabuwa ce fil, kowane murfi a rufe.

Harafin X shi ya fi damun mu a nan. Wurinsa na lambar ƙura ne, kuma X yana nufin ba a ba na'urar wata daraja ba ta wannan fanni. Lamba 5 a wurin tana nufin ƙura kaɗan ke shiga, lamba 6 kuma ba ta shiga sam. Wannan ne bambancin IPX7 da IP67. Bayan haka, lamba 7 ba ta haɗa da ruwa mai feshi da ƙarfi ba, wannan gwajin daban ne mai lamba 5 da 6. Ke nan na'urar da ta jure nutsewa a bokiti tana iya shan ruwa a bakin tiyon famfo, ko a kan babur mai gudu cikin ruwa da iska.

Ƙofofi huɗu

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A GPS tsagar tana ɗaya daga wurare huɗu. Na farko murfin batir, wanda ke da siririn zoben roba da ke matsewa in an murɗa makulli. Shi ake buɗewa kullum, shi ya fi lalacewa, kuma a na'urori da yawa katin ajiya yana kwance a ƙarƙashin batir, ruwan da ya shiga nan shi yake fara samu. Na biyu ɗan murfin roba na ramin wayar kwamfuta, wanda ke saki ko ya tsinke bayan an yi ta buɗe shi. Na uku maɓallai da robar da ta zagaye jikin na'urar. Maɓallan roba ne, farce da rana suna tsaga su, a wasu tsofaffin na'urori kuma gam ne ke riƙe robar gefe, zafi yana narkar da shi. Na huɗu wata ƴar huda ce da ke jikin na'urori masu auna tudu da nauyin iska. An toshe ta daga ciki da wata fata mai barin iska ta wuce amma ta hana ruwa. Na sha ganin wanda ya ga ƙasa a hudar ya sa allura ya soke ta, yana ganin gyara ya yi.

Rani ke ɓatawa, damina ke tonawa

Daga Disamba zuwa Maris muna daji wajen rigakafin shekara, daidai lokacin hunturu. Garke in ya taru a wurin allura, ƙura har ba ka ganin na kusa da kai. A nan ake canza batir, a tsaye, da hannu mai ƙasa. Ƙwayar rairayi guda, ko gashin akuya guda, in ya gitta a kan zoben roba, ya buɗe hanya. Kullum aka murɗa murfin kuma rairayin yana ƙara kartar robar da gurbin da take zama.

Sai bazara ta zo. A Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa, abin da aka bari a gaban gilashin mota ko a kan tankin babur kuwa ya fi haka nesa. Robar da ke matse cikin irin wannan zafi tana baje, ta taurare, ta daina komawa yadda take. In ka duba zoben sabuwar na'ura za ka gan shi a mulmule, na tsohuwa kuma ya yi fale-fale kamar an danne shi da dutsen guga.

Ga kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Iskar da ke cikin na'ura tana kumbura da zafi, ta ɗan sulale waje. In ruwan sanyi ya sauka a kanta farat ɗaya, iskar sai ta tsuke, na'urar ta koma kamar sirinjin da aka ja. Daga digiri 50 zuwa 25, ƙarfin iskar ciki yana raguwa da kusan kashi 8 cikin 100, wato kamar an nutsar da ita cikin ruwa mai zurfin santimita 75 zuwa 80 alhali tana hannunka. Na ga haka a wata rijiya arewa da Dakoro. GPS ɗin abokin aikina ya wuni a rana, kashin shanu ya ɓata shi, wani yaro cikin kyautatawa ya kwara masa ruwan guga. Da yamma yana aiki lafiya. Da gari ya waye gilashin ya yi hazo, kafin azahar ya mutu da lambobin rijiyoyi na kwana biyu a cikinsa. Ruwan farko na damina, mai zuwa bayan wunin zafi, haka yake yi.

Ba duk hazo ba ne alamar yoyo. In an buɗe murfi a Agusta, iska mai laima ta shiga aka rufe ta ciki, to da na'urar ta yi sanyi raɓa za ta kwanta a gilashi. Wannan ya sa ban yarda a sa GPS cikin akwatin sanyi na maganin rigakafi don a kare shi daga rana ba. Jaka mai farin ƙyalle a inuwa ta wadatar.

Magungunan aikinmu

Hannun malamin dabbobi ba ya rabuwa da magani. Maganin kaska da na ƙuda da ake tsarmawa da ruwa suna ɗauke da sinadarai masu laushe roba da cin jikin filastik. Haka maganin sauro na shafawa mai DEET, da fetur, da gazuwal, da ruwan jabel mai ƙarfi. Ko sabulu yana da nasa: ruwan sabulu ya fi ruwa zalla kutsawa cikin ƙaramar kafa. Dole ne a tsabtace na'ura bayan an fito daga garke mai cuta, don kada mu zama masu kai ta gaba. Hanyar da nake bi ita ce in sa GPS cikin leda fara mai kauri kafin in shiga garken, domin leda ba ta hana shi kama tauraron ɗan adam. In na fito sai in zubar da ledar tare da safar hannu, in goge na'urar da tsumma mai ɗan laima.

Game da shafa wa zobe mai, man silikon ne aka yi domin haka, ɗan kaɗan, yadda robar za ta yi sheƙi kawai. Basilin da man inji suna kumbura wasu robobi su lalata su. Mai in ya yi yawa kuma rairayi yake tarawa.

Batir

Wani lokaci ɓarnar daga ciki take. Batirin da ya ƙare aka bar shi cikin na'ura yana yoyo, ruwansa yana cin ƙarfe ya bar farin gari ko kore. Ƙananan pil masu araha na kasuwa sun fi saurin yin haka, araha kuwa ba ta ado. Batirin da ya kumbura, ko mai caji da ya ɗan fi ƙa'ida kauri, yana tokare murfi ya hana zobe matsewa. In murfi ya ƙi rufuwa cikin sauƙi kada a tilasta masa, a duba dalili. In za a ajiye na'ura fiye da mako biyu, a cire batir. Farin garin batirin alkalin yana fita da ɗan ruwan lemon tsami a bakin auduga, sannan a goge da ruwa mai tsabta a bar shi ya bushe.

In ruwa ya riga ya shiga

Abu na farko, kada a kunna don a ga ko yana aiki. Wuta da laima in sun haɗu a cikin na'ura su ne ke cinye hanyoyinta. A cire batir nan take, a cire katin ajiya, a buɗe kowane murfi. In ruwan tabki ne mai laka ko mai kanwa, a ɗauraye ramin batir da ruwa mai tsabta, domin gishirin da ya bushe a ciki zai ci gaba da jawo laima. A girgiza, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa kwana biyu zuwa uku. Ban da bakin murhu, ban da kan injin mota, ban da tsakar rana. Shinkafa ba ta da amfanin da ake ba ta. Ƴan ƙullin tsotse laima da muke samu cikin kwalayen magani sun fi ta, in an rufe su tare da na'urar cikin gwangwani ko kwalba. Sau da yawa lambobin suna nan ko da gilashi ya mutu, saboda haka bayan ta bushe a gwada haɗa ta da kwamfuta kafin a fid da rai.

Kafin ruwan farko

A watan Mayu nakan duba kowace na'ura da ke hannuna. In fitar da zobe in yana fita, in wanke shi da gurbinsa, in duba shi a haske ko akwai tsaga ko bajewa. Sannan in cire batir da kati, in sa ɗan farin auduga a ramin, in rufe, in nutsar da na'urar cikin bokitin ruwa mai tsabta wanda ya kwana tare da ita a ɗaki ɗaya, na ƴan mintoci. Kumfa mai fitowa a jere daga wuri guda, ko auduga mai laima, yana nufin wannan na'urar ba ta fita damina sai cikin leda.

Duk da wannan, littafi da fensir ba sa barin jakata, fensir domin tawadar biro tana gudu in takarda ta jiƙe. Kowane wuri mai muhimmanci ina rubuta lambobinsa da hannu, har lamba biyar bayan ɗigo, domin kuskure ɗaya a lamba ta uku ya kai kusan mita 110 a ƙasa, wanda ya isa ya mai da burtali gonar wani. Masu aiki da UTM su rubuta shiyyar: Yamai da garin Tawa suna 31, Maraɗi da Damagaram suna 32. Duk daren da aka samu wuta kuma a kwashe lambobi zuwa kwamfuta ko salula. Masu aiki da KoboCollect a salula su ma abin ya shafe su, don salular da aka taɓa buɗe bayanta wajen mai gyara ta rabu da kariyarta.

Ga hukumomi da ƙungiyoyin da ke sayo mana kayan aiki, roƙona guda uku ne. A takardar odar a nemi lambar ƙura tare da ta ruwa, wato IP67 in ana samu, ko a haɗo da jakar kariya. A sayo murafan batir da na ramin waya na sauyi tun ranar farko, tare da man silikon da batir masu caji, domin ba a samun su a kasuwannin karkara. A kuma keɓe rabin yini cikin horon ma'aikata da mataimakan kiwo don kula da na'urar kanta, ba ɗaukar lambobi kaɗai ba. Kuɗin murfi guda bai kai na man da mota za ta sha ba in an koma daga Maraɗi zuwa Bermo don a sake ɗaukar rijiyoyin da aka riga aka ɗauka.