Gargaɗi ga masu kiwon zomaye: an fara feshi, a kula da ciyawa

Jama'a, damina ta kankama, manoma da masu lambu sun saɓa famfunan feshi. Duk mai zomo a gida, ko kaji, ko tantabaru, daga yau kada ya bari a zuba musu ciyawar da ba a san inda aka yanko ta ba.

Yawanci yara ake aika yankan ciyawa, yaro kuwa inda ya ga kore shar nan zai sa lauje: bakin gona, kunyar lambu, gefen kwata. Can ɗin ne kuma aka fi fesawa. Maganin ciyawa irin su glyphosate yakan ɗauki kwanaki kafin ganye ya fara rawaya, saboda haka ciyawar da aka fesa jiya tana nan da kyanta. Maganin ƙwari ya fi wannan ruɗi, domin ba ya sauya launin ganye ko kaɗan. Ɓawon kabeji da ganyen latas da mai lambu ya ce ka kwasa kyauta, tambaye shi tukuna: "Malam, yaushe ka yi feshi?" In ya ce cikin makon nan ne, ko ya yi shiru yana tunani, bar masa kayansa.

Abin da ya sa na matsa a kan zomo shi ne ba ya iya amai. Abin da ya haɗiya ya zauna ke nan. Maganin ciyawa na paraquat, wanda aka fi sani da Gramoxone, ba shi da makari. Tarayyar Turai ta haramta shi tun 2007, amma har yanzu ana cin karo da shi a hannun manoma. Dichlorvos da ke cikin Sniper kuwa jijiyoyi yake kamawa, kuma warinsa kaɗai a rufaffen ɗaki ya isa ya kayar da ƙaramar dabba. Kada a fesa shi kusa da keji da sunan korar sauro ko tururuwa.

Irin shuka da aka cuɗa da magani, wanda ya koma ja ko ruwan hoda, a ɗaure bakin buhunsa a rataye. Kaza ba ta san bambanci ba. Buhun takin zamani ya yi nesa da awaki. Robar magani da ta ƙare kuma kada ta zama mazubin ruwan sha, ko an wanke ta.

A cikin damin ciyawar ma a duba da hannu, a tsince tumfafiya, zaƙami, zurma da bini-da-zugu. Ganyen tumatir da na dankalin Turawa ba abincin zomo ba ne. Harawa busasshiya da ganyen dankalin Hausa daga inda ka tabbatar ba a fesa ba sun wadatar.

Idan ka ga zomo yana dalalar da yawu, jikinsa na rawa, yana gudawa, numfashi na yi masa wuya, ko ya yini bai taɓa abinci ba, kwashe sauran ciyawar nan take, domin 'yan'uwansa ma ita suke ci. Kada a ɗura masa manja ko madara. Zai iya shaƙewa, kuma mai yana ƙara wa wasu gubobin saurin shiga jiki. A garzaya da shi wurin likitan dabbobi, tare da ragowar ciyawar da kwalbar maganin in an same ta, domin sunan da ke jikinta ne zai nuna wa likita matakin da zai ɗauka.