Shekarar Da Wilt Chamberlain Ya Tara Maki 4,029

A tarihin gasar ƙwallon kwando ta NBA a Amurka, babu ɗan wasan da ya taɓa yin abin da Wilt Chamberlain na ƙungiyar Philadelphia Warriors ya yi a kakar 1961 zuwa 1962. Cikin wasanni 80 ya tara maki 4,029, watau sama da maki 50 ke nan a kowane wasa. Ran 2 ga Maris, 1962, a garin Hershey, shi kaɗai ya ci maki 100 a karawarsu da New York Knicks. Duk tsawon kakar kuwa, minti 8 kacal aka yi ana wasa ba ya cikin fili.

To, amma duk da wannan bajinta, Bill Russell na Boston Celtics aka zaɓa gwarzon shekara. Celtics ɗin ne kuma suka fitar da Warriors a karawa ta bakwai, sannan suka ɗauki kofi.

Chamberlain bai ɗauki kofi ba sai a 1967, tare da Philadelphia 76ers. A kakar nan makinsa ya sauko zuwa 24 a kowane wasa, domin ya koma yawan miƙa wa abokan wasansa ƙwallo.