Nauyin da muke ɗora wa yara, mu kira shi haƙuri

  

A Islamiyyar da ke jikin masallacinmu akwai wata yarinya 'yar shekara 13 wadda ta yi shekara biyu ba wanda yake gabanta a hadda. A daminar bara sai ta fara makara, daga nan ta koma gyangyaɗi a aji, har ta kai tana shafe mako guda ba a gan ta ba. Da malaminsu ya kawo mini ƙararta ban tsaya bincike ba, na ce ya tsananta mata, domin na zaci lalaci ne. Wannan kuskurena ne, kuma shi ne musabbabin wannan rubutu.

Ranar da aka kawo ta gabana na ce, "'Yata, me yake damun ki?" Ta daɗe kanta a sunkuye, sannan ta ce, "Malam, ina da tambaya. Idan mutum ya ji a ransa ya gaji da jinyar ƙaninsa, ya yi saɓo?"

Washegari bayan La'asar muka je gidansu ni da mai ɗakina. Mahaifinsu ɗan adaidaita sahu ne, yana fita bayan Asuba, ba ya dawowa sai bayan Isha, domin sai ya haɗa kuɗin mai babur kafin ya nemi na cefane. Mahaifiyar tana goyo, kuma tun da aka yi mata tiyata a haihuwar ƙarshe ba ta iya ɗaukar abu mai nauyi. Ƙanin yarinyar shekararsa 11. Shawara ta kama shi a makon da aka haife shi, aka tsaya jiƙe-jiƙe har ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Ba ya zama da kansa, ba ya tafiya, ba ya kai loma bakinsa, ga kuma farfaɗiya. Ƙanwarta mai shekara shida sanƙarau ya tafi da jinta, kuma duk gidan ba wanda yake gane alamunta da hannu kamar yayar tata.

Ita ce take ɗaga yaron ta yi masa wanka, ta wanke shimfiɗar da ya ɓata, ta dama koko ta ba shi a hankali don kada ya shaƙe, abin da yake cin kusan sa'a guda. Da dare a gefensa take kwana saboda tashin ciwon. Ta bar boko tun shekarar da ta wuce. Islamiyyar ce kaɗai ta rage mata, ita ma ga shi mun tare ta da bulala. Maƙwabta kuwa duk wanda ya shigo sai ya ce, "Wannan yarinya 'yar Aljanna ce, Allah Ya ba ki lada," ya sa takalminsa ya fita.

Ina fatan addu'ar tasu ta karɓu. Amma ya kai mai karatu, mu tambayi kanmu: wa Shari'a ta ɗora wa wannan aiki?

Duk ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid ya wuce ta kan wannan mas'ala a babin ciyarwa. A mazhabar Malikiyya uba ne yake ɗauke da ciyar da ɗansa namiji har ya balaga, idan kuwa ya balaga da naƙasar da ta hana shi nema, wajibin yana nan a wuyan uban. Ɗan uwa kuwa, ko da baligi ne mai wadata, Malikiyya ba su wajabta masa ciyar da ɗan uwansa ta fuskar hukuncin alƙali ba, ko da yake sada zumunci yana kansa. Hanafiyya da Hanabila sun faɗaɗa, suka wajabta wa dangi mawadata ciyar da mabuƙacin cikinsu bisa sharuɗɗan da suka ambata. Ko wace magana aka ɗauka, wanda ake nufi baligi ne mai iko. Haka nan a babin reno, bayan uwa kakar wajen uwa ake nema, sannan 'yar uwar uwa, kuma malamai sun sharɗanta wa mai reno hankali da iya ɗaukar aikin. Yaron da bai balaga ba an ɗauke masa alƙalami, ko azumin Ramadan ba a wajabta masa ba. To ta ina za mu wajabta masa abin da ya gagari manya?

Kada a fahimce ni a karkace. Taimakon yaro a gida tarbiyya ce, kuma yana samun lada a kansa. Yarinyar da ta share tsakar gida, ta riƙe ƙaninta uwa ta yi girki, ba a zalunce ta ba. Zalunci yana farawa ne a lokacin da taimako ya zama shi ne dukkan rayuwarta, ya cinye karatunta da barcinta da lafiyar bayanta, alhali akwai baffanni da kawunnai da gwaggwanni a cikin gari ɗaya.

Akwai ma wata mas'ala da muke jin nauyin faɗa. Yarinya mai shekara 13 tana yi wa namiji mai shekara 11 tsarki da wanka, kuma shekaru suna tafiya. Lalura tana halatta hakan idan babu kowa, amma lalura gwargwadonta ake ɗauka. Idan akwai namiji a dangi da zai iya zuwa, to shi ne ya kamata ya yi. Mutumin da yake tsananta maganar hijabi a kan 'yarsa, ya bar 'yar ɗan uwansa a wannan hali, yana da abin dubawa a fiƙihunsa.

A tarihin sahabbai akwai matashin da irin wannan nauyi ya faɗo wa, wato Jabir ɗan Abdullahi (RA). Bai halarci Badar ba, bai halarci Uhudu ba, domin mahaifinsa ya bar shi a Madina wajen 'yan uwansa mata. A daren Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, uban ya kira shi ya yi masa wasiyya da biyan bashin da ke kansa da kyautata wa 'yan matan, da gari ya waye kuma ya yi shahada. Ya bar wa Jabir bashi da 'yan mata bakwai, a wata ruwayar tara. Su ba masu naƙasa ba ne, amma nauyin iri ɗaya ne: saurayi ya wayi gari shi ne uba. Da ya tashi aure sai ya auri bazawara, ya bar budurwa, don ya sami wadda za ta taje musu kai ta kula da tarbiyyarsu.

Abin da nake so mu lura da shi a ƙissar, wadda Bukhari da Muslim suka ruwaito sassanta, shi ne yadda Manzon Allah (SAW) ya yi da shi. A hanyar dawowa daga wata tafiya ya ga raƙumin Jabir ya gaji yana baya, sai ya koma wajensa, ya ja shi da hira, ya tambaye shi ko ya yi aure, da wa ya aura, har Jabir ya buɗe cikinsa. Sannan ya yi cinikin raƙumin, da suka isa Madina ya biya shi har da ƙari, ya kuma mayar masa da raƙuminsa. Ya ba shi kyauta a cikin rigar ciniki don kada ya ji an yi masa sadaka. Game da bashin, da kansa ya roƙi masu bin bashin su sassauta, da suka ƙi sai ya taka har gonar dabinon, ya yi addu'a, aka auna wa kowa haƙƙinsa har aka sami saura. Ya yi masa addu'a, haka ne, amma addu'ar ta zo tare da tambaya da tattaki da kuɗi. Mu mun riƙe addu'ar mun saki sauran.

Shugabannin Musulmi na farko sun fahimci cewa hidimar mai lalura aiki ne da ake ɗaukar mutum a biya shi. Malaman tarihi sun ambata cewa Halifa Walid ɗan Abdulmalik ya sanya wa kowane makaho ɗan jagora, kowane gurgu mai hidima, daga baitulmali. A ƙasarmu akwai dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, aka kuma kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020. Dokar ta ba su haƙƙin karatu kyauta har sakandare, ta ba masu lalurar ƙwaƙwalwa haƙƙin magani kyauta a asibitocin gwamnati, ta ce a gabatar da su a layi, ta kuma haramta yawon bara da su. Tsakanin takarda da aiki akwai tafiya mai nisa, kowa ya sani, amma haƙƙin da ba a san da shi ba ba a nemansa. Ita kuwa yayar, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye su tabbatar ta gama firamare da ƙaramar sakandare. Cire ta daga makaranta don jinya gyaran ɗa ɗaya ne da ɓata ɗaya.

Da muka zauna da mahaifin na ce, "Malam, me ya hana ka gaya mana?" Ya ce, "Allah gafarta Malam, kowa da tasa ta ishe shi. Kuma ba na son a riƙa nuna gidana." Daga baya na gane akwai abin da ya fi haka. Wasu a dangi sun daɗe suna raɗa cewa yaron ɗan ruwa ne, wasu suna hana 'ya'yansu cin abinci a gidan wai farfaɗiya tana yaɗuwa ta yawu. Duka biyun ƙarya ne. Lalurar yaron sananniya ce a wajen likitoci, kuma shawarar jarirai ana maganinta a asibiti da wani haske na musamman idan an kai da wuri. Farfaɗiya ba a ɗaukarta, kuma magani yana rage tashinta ƙwarai idan ana sha a kan ƙa'ida. Ruƙya halal ce, amma ba ta hana zuwa asibiti. Irin wannan camfi shi yake sa a kulle mai lalura a ƙuryar ɗaki, a kulle mai jinyarsa tare da shi.

Abin da muka iya yi ba mai yawa ba ne. Mun tara baffanni biyu da kawu ɗaya a zauren masallaci, aka raba kwanaki: wankan safe na yaron ya koma hannun maza. Wata gwaggo ta karɓi yinin Asabar da Lahadi. Wani attajiri a unguwa ya sayi keken guragu daga zakkarsa, kuma na yi amfani da damar na tunatar da baffannin cewa zakkarsu tana halatta ga ɗan uwansu mabuƙaci, ga ladan sadaka ga ladan zumunci. An fara kai yaron gashin ƙashi. Ba ya warkar da ƙwaƙwalwar da ta taɓu, amma yana hana gaɓoɓi ƙandarewa, kuma a can aka koya musu yadda za a zaunar da shi lokacin cin abinci da yadda za a riƙa juya shi don kada kwanciya ta yi masa gyambo. Ƙanwar kuma ana neman mata gurbi a makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki da ke nan Kano. Mun rubuta wa hukumar zakka ta jiha takarda, domin irin waɗannan gidaje su ne asalin mutanenta.

Yanzu ga amsar tambayar yarinyar, kuma ina nufin duk wani yaro ko matashi da yake cikin irin halinta. Gajiya ba saɓo ba ce. Abin da ya ɗarsu a zuciya na ƙosawa, matuƙar ba a furta shi da cutarwa ba, ba a kuma aikata shi ba, Allah Ya yafe wa wannan al'umma shi. Malamai sun bambance tsakanin ƙorafi a kan ƙaddarar Allah da ba da labarin halin da ake ciki ga wanda zai iya taimakawa. Na biyun bai rushe haƙuri ba. Annabi (SAW) ya gaskata Salman (RA) a lokacin da ya gaya wa Abu Darda'i (RA) cewa kansa ma yana da haƙƙi a kansa. Kuma kai saurayin da jinya take hana ka jam'i ko Juma'a a ranar da babu wanda zai zauna da ɗan uwanka, Mukhtasar na Khalil ya lissafa jinya cikin uzurori, kuma Ibnu Umar (RA) ya taɓa barin Juma'a ya tafi wajen Sa'idu ɗan Zaidu (RA) da ciwonsa ya tsananta. Ka nemi babba ɗaya da ka amince da shi, malaminka ko limaminku ko mai unguwa, ka gaya masa abin da kake buƙata a fili: sa'o'i uku na makaranta, ko wanda zai karɓe ka dare ɗaya a mako. Mutane sun fi amsa buƙatar da aka ambata da sunanta.

Mu kuma malaman makaranta da limamai, yaron da ya canza ba gaira ba dalili a tambaye shi kafin a ɗaga bulala. Kwamitin masallaci da yake iya tara kuɗin tayil da janareto yana iya sanin gidaje nawa ne a unguwa ake kwana a zaune saboda mai lalura.

Yarinyar ta dawo Islamiyya, ta koma boko a ajin da ke ƙasa da na sa'o'inta. Har yanzu ita take kwana a gefen ƙaninta dare huɗu a mako. Kwanan baya mahaifiyarta ta tambayi mai ɗakina abin da yake hana ta barci: ranar da aka zo neman auren yarinyar, wa zai ɗauki yaron? Ta ce ta san gidan da aka mayar da manema uku saboda wannan dalili, har 'yar ta haura shekara 30. Na ce mata hana 'ya aure don a riƙe ta a jinya bai halatta ba, amma na san fatawa ba ta yi wa yaro wanka. Mun sa ranar sake zama da dangi bayan Sallah. Baffa ɗaya ya ce zai zo, ɗayan har yanzu bai ɗaga waya ba.