Minshari: Wanda Ake Gyarawa a Gida da Wanda Sai An Je Asibiti

'Yan'uwa, duk wanda ya taɓa zuwa cin rani Kano ya san irin kwanan da ake yi. Mutum shida ko takwas a ɗaki guda, a Rijiyar Lemo ko Fagge ko Sabon Gari, kuma da wuya a rasa ɗaya da ke hana sauran runtsawa. Da safe a yi masa dariya a wuce. To, wani minsharin ba komai ba ne, amma wani alamar ciwo ne. Mai yinsa kuwa ba ya jin kansa, sai na kusa da shi.

Idan mutum ya yi barci, harshe da tsokar maƙogwaro sukan saki jiki, hanyar iska ta matse. Iskar da ke kutsawa ita ke kaɗa tsokar nan mai laushi tare da beli, sai ƙara ta fito. Saboda haka duk abin da zai ƙara matse hanyar zai ƙara minshari.

Abu mafi sauƙi shi ne a daina kwanciya rigingine, domin a nan ne harshe yake zamewa baya. A kwanta ta gefe. Wanda ke juyawa cikin barci, a ɗinka masa ɗan aljihu a bayan tsohuwar riga a sa ƙwallon goruba; da ya juya zai ji tokari ya koma. Mai gado kuma ya sa bulo a ƙarƙashin ƙafafun wajen kai, ya ɗaga kamar inci 4.

Sai abin sha. Giya da burkutu suna ƙara sakin tsokar maƙogwaro, don haka a nisance su, musamman awa 3 zuwa 4 kafin kwanciya. Haka ƙwayoyin sa barci da ake saya a kemis ba da izinin likita ba, da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana yinsa da shigo da shi a 2018. Taba tana kumbura hanci da maƙogwaro. Hayaƙin itace a ɗakin kwana da ƙurar hunturu su ma suna toshe hanci. Rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya na ruwan da aka tafasa ya huce, a ɗiga a hanci kafin a kwanta, yana taimakawa. Mai ƙiba kuma, ko kilo kaɗan ya rage zai ga bambanci, gama kitsen wuya yana danne hanyar iska.

Yanzu ga wanda muke so a kula da shi sosai. Mata da maza, ku saurari abokan kwananku. Idan minsharin yana da ƙarfi, sai ya yanke ɗif, numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye, sannan mutum ya zabura yana jan iska kamar wanda aka shaƙe, wannan ciwo ne: yankewar numfashi cikin barci. A wasu yakan faru sau 30 ko fiye a awa guda. Irin wannan mutum yakan tashi da ciwon kai da bushewar baki, ya yini yana gyangyaɗi ko da ya kwanta da wuri. Ciwon yana da alaƙa da hawan jini, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ya fi kama namiji mai kaurin wuya, inci 17 ko fiye. A ganinmu, wanda ya fi shiga haɗari shi ne direba. Ku tuna da masu jan manyan motocin dare daga New Road a Sabon Gari zuwa kudu, da masu bin hanyar Katsina ta Rijiyar Lemo. Gyangyaɗi ɗaya a kan sitiyari ya isa.

Mai waɗannan alamu ya fara auna jininsa a asibitin da ke kusa, ya nemi a tura shi wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro, kamar a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ya tafi da wanda yake kwana kusa da shi, domin shi ne shaida. Idan akwai waya, a ɗauki sautin barcin a kai wa likita. Akwai na'ura mai suna CPAP, wadda Dakta Colin Sullivan na Ostareliya ya fito da ita a 1981. Tana hura iska ta hanci don kada hanyar ta rufe. Tana aiki sosai, sai dai tana da tsada kuma tana buƙatar lantarki duk dare.

Yara fa? Yaron da ke minshari kowane dare, yana barci baki a buɗe, yana mutsu-mutsu ko ya koma fitsarin kwance, sau da yawa tsokar da ke bayan hancinsa ko ta gefen maƙogwaro ce ta kumbura. Wannan ya fi yawa ga masu cutar sikila. Iyaye, kada ku kai shi wurin wanzami a cire masa beli. Ba nan matsalar take ba, kuma zubar jini da tetanus na iya biyo baya. Likita zai duba, in ya kama a cire tsokar da ta kumbura, a asibiti ake yi, kuma yawancin yara sukan samu sauƙi bayan aikin.