Ranar da Aka Wanke Kogi a Chengdu

A lokacin zafi na shekarar 1995, a birnin Chengdu na lardin Sichuan da ke ƙasar Sin, wata mai fasaha 'yar Beijing, Yin Xiuzhen, ta sa aka ɗebi ruwan kogin Funan har kubik mita 10, aka daskarar da shi ya zama tubalan ƙanƙara. Ruwan nan ba na sha ba ne, ba na wanka ba. Dagwalon masana'antu da na magudanan gidaje duk a cikinsa suke ƙarewa, ya kwashe su zuwa kogin Min, Min kuma ya miƙa wa Yangtze.

Aka jera tubalan a bakin kogi, aka ajiye bokitan ruwa mai tsabta da buroshi, aka ce duk mai wucewa ya zo ya wanke kogi. Mutane kuwa suka zo, manya da yara, suka duƙufa suna gogewa. Cikin kwana biyu ƙanƙara ta narke, ruwan ya koma inda ya fito da dattinsa. A ido aikin baban giwa ne, kuma Yin ta san haka tun farko. Sai dai mutumin da ya shekara yana toshe hanci a kan gada, ranar nan da hannunsa ya taɓa ƙazantar, ya ga ba ta goguwa.

Wannan wanki ɓangare ne na wani taron masu fasaha da Ba'amurkiya Betsy Damon ta shirya don kare ruwa. Hukumomin birnin, waɗanda dama suna aikin gyaran kogin, suka ba ta fili a gaɓa. Ita da Margie Ruddick, mai tsara lambuna, da ƙwararrun Sin suka fitar da lambu mai siffar kifi, kadada kusan biyu da rabi, aka buɗe shi a 1998. Ana jawo ruwan kogi zuwa idon kifin, laka ta kwanta, ya bi ta kwanonin dutse yana shan iska, ya ratsa fadamun ciyayi masu tace shi, ya fito garau.

A farkon buɗe shi, kubik mita 200 lambun yake tacewa a rana. Ga kogi guda wannan bai taka kara ya karya ba, kuma babban aikin sai da aka yi shi da bututun najasa da tayar da masana'antu daga gaɓa. Lambun dai 'yan makaranta ake kaiwa, su bi ruwan da ƙafa daga ido har wutsiya.