Mu Gyara Tukunya, Mu Motsa Jiki

Ƴan'uwa masu karatu, a wannan karo za mu yi magana kan cututtuka biyu da suka shigo mana gida ba sallama. Su ne hawan jini, wanda ake kira tansiyo, da ciwon sukari. A da muna jin labarinsu daga nesa, muna cewa ciwon masu kuɗi ne. Yau kuwa da wuya a sami unguwa a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai, inda ba a san wani da ɓarin jikinsa ya shanye ba. Ƙauyuka ma ba su tsira ba.

In magidanci ya kwanta, gona ta kwanta. In uwargida ta kwanta, gida duka ya rikice. Kuɗin magani ya cinye awaki da tumaki, wani lokaci har da abin da ke cikin rumbu.

A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta bayyana cewa cikin manya uku a duniya, ɗaya yana da hawan jini. Kusan rabinsu kuwa ba su san suna da shi ba, domin ciwo ne mai tafiya shiru. Amma akwai abin da za mu iya yi, kuma ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Yana cikin tukunyarmu, yana kuma cikin ƙafafunmu.

Me ya canja?

Iyayenmu suna zuwa kasuwa a ƙasa. Suna daka a turmi, suna jan ruwa a rijiya. Abincinsu hatsi ne da dawa da wake da ganye. Yau injin niƙa ya hutar da turmi, kabu-kabu ya hutar da ƙafa. Wannan sauƙi ne, ba mu ƙi shi ba. Sai dai jikin da ya rage aiki bai rage ci ba. Farar shinkafa da taliya da burodi sun yi yawa a akushi. Mai da gishiri da sukari sun ƙaru. Abin da jiki ya ci bai ƙona ba, shi ke taruwa ya zama kitse, musamman a ciki.

Da yawa daga cikinmu suna ɗaukar ƙiba alamar jin daɗi. Mu sake tunani. Tumbi nauyi ne ga zuciya da gwiwoyi, kuma yana buɗe ƙofa ga ciwon sukari.

Mataki na farko: mu je a auna

Kafin a gyara komai, sai a san inda ake. Mu je likita mafi kusa, a auna mana jini. Awon ba ya da zafi, ba ya ɗaukar minti biyar. Za a faɗa mana lamba biyu. In ta sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, a ranaku biyu dabam-dabam, to hawan jini ne. Ma'aikatan lafiya sukan taƙaita su ce 14 da 9. Mu roƙa a rubuta mana lambobin a takarda, tare da kwanan wata, mu adana.

Wanda ke yawan jin ƙishirwa, yana yawan fitsari har cikin dare, ko yana ramewa ba dalili, ko miki ya ƙi warkewa a jikinsa, ya nemi a auna masa sukari.

Mataki na biyu: gishiri

Gishiri mai yawa yana sa jiki ya riƙe ruwa, jini ya riƙa matsa jijiyoyi. OMS ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini. Wannan kimanin ƙaramin cokali ɗaya ne, irin na shayi. Lissafin ya haɗa da duk gishirin da ke cikin miya da tsire da ƙosai da burodi. Yara kuwa bukatarsu ba ta kai haka ba.

Akwai gishirin da ba mu lissafawa. Dunƙulen miya da muke kira magi, kusan rabin nauyinsa gishiri ne. Babban dunƙule ɗaya yana ɗauke da kimanin gishirin da ya ishi mutum guda yini ɗaya. Kanwa ma danginsa ce, gara a taƙaita ta.

Ga yadda za a fara. Mai girki ta daina zuba gishiri da hannu, ta riƙa aunawa da cokali. In ta saba sa dunƙule huɗu, wannan mako ta sa uku. Bayan mako biyu ta koma biyu. A cike gurbin da daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da busasshen tumatir. Kada a ajiye gishiri kusa da kwanon abinci. Da farko miya za ta yi kamar lami. A yi haƙuri, cikin ƴan makonni harshe yana sabawa.

Maigida ma yana da nasa aiki: kada ya yi wa matarsa faɗa don gishiri bai ji ba. Kuma in za a saya, a sayi mai sinadarin iyod, wanda ke kare mu daga maƙoƙo.

Mataki na uku: sukari

Shayi abokin hira ne, a fada da cikin gida. Amma mu ƙidaya sukarin da ke shiga buta tun daga na farko har na uku. Mu ƙara da wanda muke zubawa a fura da kunu da koko. OMS ta ce kada ya wuce kimanin giram 50 a yini, wato ƙaramin cokali 12. In an tsaya a cokali 6, ya fi. Gwangwani ɗaya na lemun kwalba yana ɗauke da sukari kimanin ƙwaya 6 zuwa 7.

Ba mu ce a bar shayi ba. A rage kashi ɗaya cikin huɗu na sukarin, bayan mako biyu a sake ragewa. Fura da nono mai kyau ba ta bukatar sukari. Zoɓo da kunun tsamiya da ruwan citta na gida sun fi lemun kwalba, in ba a cika su da zaƙi ba. Ƙishirwa kuwa, ruwa ne maganinta.

Wani abu kuma: shayi mai ƙarfi yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke gina jini. Saboda haka a jira kamar awa ɗaya bayan cin abinci kafin a sha, musamman mata masu ciki.

Mataki na huɗu: mu koma ga namu

Abinci mai gina jiki ba sai an kawo shi daga waje ba. Ƙasarmu tana cikin manyan masu noman hatsi a duniya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 don girmama hatsi da danginsa. Abin da wasu namu ke rainawa, duniya tana yabonsa. Hatsi yana da sinadarin ƙarfe fiye da farar shinkafa, kuma yana daɗewa a ciki. Kada a surfe shi fiye da kima, domin wani amfanin yana tare da dusa.

Wake naman talaka ne. In aka haɗa shi da hatsi ko shinkafa, kowane yana cike abin da ɗayan ya rasa. Ɗanwake da dafaffen wake sun fi ƙosai ƙarancin mai. Gujiya da ƙuli-ƙuli suna gina jiki, amma duk wadda ta yi fumfuna a zubar da ita, domin tana da guba mai cutar hanta. Kifi, irin na tabkin Madarumfa ko na Tabalak, gara a gasa shi ko a sa a miya da a soya. Ƙwai da nono ma suna da kyau.

Sai ganye da ƴaƴan itace. OMS ta ce a ci aƙalla giram 400 a yini, wato kimanin cikin tafin hannu biyar. Muna da zogala, wadda wasu ke kira tamaka. Muna da rama da yakuwa da tafasa da lalo da kuka da kuɓewa. Da rani garake suna ba mu kabeji da karas da salati da tumatir da albasa irin ta Galmi. Muna da mangwaro da gwaba da kankana a lokacinsu. A daji akwai magarya da kurna da ƴaƴan kuka. Duk abin da za a ci ɗanye, a wanke shi sosai da ruwa mai tsabta.

Ga hanya mai sauƙi ta auna kwano. A rage tuwo ko shinkafa kaɗan, a ƙara ganye da wake. Dambu ya zamana zogala ta fi gari yawa. Mai kuwa a auna shi da cokali, kada ya riƙa iyo a kan miya. Man da aka yi ta suya da shi har ya yi baƙi, a rabu da shi.

Manomi yana da nasa rabo. In tumatir da kuɓewa da ganye suka yi araha, a shanya a adana don bazara. Ganye a inuwa ake shanya shi, domin rana tana kashe masa amfani. A dasa zogala biyu ko uku a bayan ɗaki, inda ruwan wanke-wanke marar sabulu ke gangarawa. Mutanen Jiratawa, kusa da Maraɗi, sun nuna cewa zogala abinci ce kuma kuɗi ce. Kuma kada a sayar da wake duka a kaka, a bar wa gida ƴan tiyoyi.

Mataki na biyar: mu motsa jiki

OMS ta ce babban mutum yana bukatar motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Wato minti 30 a yini, kwana biyar. Ba sai an sayi kayan wasa ba. Tafiya da sauri ta isa.

Noma da daka da jan ruwa da faskare duk motsa jiki ne. Manomi da damina ba ya bukatar ƙari. Amma bayan an kai amfani gida, wasu sukan zauna wata da watanni a gindin bishiya. Masu wannan zama, da ƴan tebur, da teloli, da direbobi, da ma'aikatan ofis, da matan da ba su cika fita ba, su ne maganar ta fi shafa.

Wanda ya daɗe bai motsa ba, kada ya fara da gudu. A mako na farko ya yi tafiyar minti 10 a yini. Kowane mako ya ƙara minti 5, har ya kai 30. Ga ma'auni: tafiyar ta sa numfashi ya ɗan ƙaru, amma mutum yana iya magana da na kusa da shi. In magana ta gagara, ya rage sauri.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan asuba, ko da yamma lis. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, saboda haka a guji tsakar rana, a kuma sha ruwa kafin a fita da bayan an dawo. Ranar da ƙurar hunturu ta yi yawa, a rufe hanci ko a motsa a cikin gida.

Matar da ke cikin gida tana iya zagaya tsakar gida minti goma da safe, goma da yamma. Dattijo yana iya zama a kujera ya miƙe sau goma, yana dafa bango in da bukata. Wannan yana ƙarfafa ƙafafu, yana rage faɗuwa. Mai shago ya riƙa miƙewa kowace awa. Inda ƙafa za ta kai cikin minti goma, a bar kabu-kabu, kuɗin ya zauna a aljihu. Samari kuwa ga ƙwallo, ga langa, ga kokowa. Kuma a nemi abokin tafiya, domin in ɗaya ya yi kasala ɗayan zai tashe shi.

Gargaɗi

Wanda ya ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi yana sarƙewa, ya tsaya nan take, ya je likita. Mai ciwon zuciya da mace mai ciki su nemi shawarar ma'aikacin lafiya kafin su fara. Mai ciwon sukari kada ya yi tafiya ba takalmi, kuma ya duba ƙafafunsa kowane dare.

Wanda aka ɗora a kan maganin hawan jini ko na sukari, kada ya bari don ya ji sauƙi. Gyaran abinci yana taimakon magani, ba ya maye gurbinsa. A kuma guji sayen ƙwayoyin ƙiba ko na ramewa a tebur.

In bakin mutum ya karkace, ko hannu ɗaya ya mutu, ko maganarsa ta rikice farat ɗaya, a garzaya da shi asibiti. Kada a jira gari ya waye.

Maganar rage ci ba ta shafi kowa ba. Ƙananan yara, da mata masu ciki, da masu shayarwa, da ramammu, da masu aikin ƙarfi, ƙari suke bukata: ƙarin wake, ƙarin ganye, ƙarin nono da ƙwai. Jariri kuwa nonon uwa kaɗai ya ishe shi har wata shida.

Tsarin wata ɗaya

Mako na 1: a je a auna jini. A fara tafiyar minti 10.
Mako na 2: a rage dunƙule ɗaya a miya. Tafiya ta kai minti 15.
Mako na 3: a rage sukarin shayi da na fura. Tafiya ta kai minti 20.
Mako na 4: ganye ko wake ya shiga abinci kowace rana. Tafiya ta kai minti 25.

Kowace ranar da aka cika, a ja layi ɗaya a takarda. In an yi fashin kwana biyu saboda biki ko rashin lafiya, ba a koma baya ba. A ci gaba daga inda aka tsaya. Bayan wata uku a koma likita da takardar awon farko, a gwada da sabon awo.

Ƴan'uwa, wanda ya ce zai canja komai rana ɗaya, kafin mako ya gaji. Sannu ba ta hana zuwa. Tukunya ɗaya ce ke ciyar da gida, don haka a zauna da iyali a yi shawara, a zaɓi abu ɗaya a fara da shi gobe da safe. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.