Ladabin Neman Koyon Aikin Banki a Ƙasashen Waje

Tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Fagge zango ce ta ayarin Azbinawa. Baƙon da ya sauka can ba ya ciniki sai ta hannun fatomansa, gama shi ne ya san shi, shi ne kuwa zai tsaya masa. Da ɗan gari kan ci gari.

Haka yake ga ɗalibin Fagge ko Sabon Gari mai neman koyon aiki a manyan bankunan Landan, watau masu tara wa kamfanoni jari. Sukan ɗauki ɗalibai na kamar mako 10 a lokacin babban hutun jami'a, amma ana karɓar takardun nema tun watanni da yawa kafin nan.

Saboda haka lalle ne ɗalibi ya fara da wuri. Ya rubuta wa wanda ya riga shi shiga aikin gajeriyar wasiƙa, ya faɗi sunansa da makarantarsa da wanda ya haɗa su. Shawara zai roƙa tukuna, ba aiki ba. In an sa masa lokaci kada ya makara, kashegari kuwa ya aika da godiya. In an yi shiru, ya yi tuni sau ɗaya, sa'an nan ya haƙura.

Hakimai da magatakarda kada su shaidi yaron da ba su san halinsa ba, gama in ya ci amana, ya toshe wa na bayansa hanya. Su kuma gargaɗi iyaye cewa bankin gaske ba ya sayar da gurbi. Duk mai neman kuɗi dominsa mazambaci ne.